Keaton Uku: Iyalin da Suka Ci Abinci da Jifan Ɗansu a Dandamalin Amurka

Daga wajen 1900 zuwa farkon 1917 wani iyali ya yi ta zagaya gidajen wasa na Amurka da wasan da a yau babu hukumar da za ta bari a yi shi ko sau ɗaya. Uba zai fito dandamali da ɗansa ƙarami, sun yi shiga iri ɗaya sak: hular sanƙo, gemun ƙarya, wando burgujeje, da dogayen takalma masu faɗin baki. Uban ya fara yi wa jama'a jawabi ko ya ɗauko waƙa, yaron kuwa yana bayansa yana ta ɓarna. Can sai uban ya juya ya cafke shi ta gadon baya, ya wurga shi ya bugi zanen bango, ko ya ja shi a ƙasa yana share dandamali da shi. Yaron ya miƙe, ko gezau bai yi ba, fuska a murtuke, ya koma kan ɓarnarsa. Gida ya kece da dariya. Sunansu a allon talla Keaton Uku: Joe, da matarsa Myra, da ɗansu Buster, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan barkwanci na zamanin finafinan da ba a magana a cikinsu.

Duk wanda ya ji wannan karon farko zai ce cin zalin yaro ne tsagwaronsa, kuma haka masu kare haƙƙin yara na wancan lokaci suka ce, suka yi shekaru suna bin iyalin da sammaci. Buster kuwa har ya rasu a 1966 yana musanta cewa ubansa ya zalunce shi a dandamali. Ba a gane inda haɗarin yake sai an san yadda kasuwar take tafiya da yadda ake yin jifan kansa. Jifan da ke tayar wa mai kallo hankali shi ne ɓangaren da suka fi ƙwarewa a kai. Abin da ya rusa wasan, kuma ya sa rayuwar yaron cikin kasada ta gaske, ta wata ƙofa dabam ya shigo.

Bodabil, wato irin wasan da iyalin ke ciki, wanda Turawa ke rubutawa vaudeville, ba wasan kwaikwayo ba ne mai labari guda. Jerin gajerun wasanni ne, takwas ko tara a zama ɗaya, babu abin da ya haɗa wannan da wancan: mawaƙiya, mai rawa, mai dabo, mai wasa da karnuka, 'yan alkafura, ɗan barkwanci. Kowa yana da minti goma zuwa ashirin. A da a mashaya ake irin wannan wasa, maza zalla, da batsa a ciki. A 1881 Tony Pastor ya buɗe gidansa a Titi na 14 a New York da niyyar yin wasa mai tsabta wanda mace za ta iya zuwa da 'ya'yanta. B. F. Keith da Edward Albee suka ɗauki wannan hanya daga Boston suka mai da ita babbar kasuwa, gida bayan gida, gari bayan gari. A bayan labulen gidajensu akan manna sanarwa mai jera kalmomin da aka haramta furtawa, kuma wanda ya furta a bakin aikinsa. Abin da ke damun mai nazarin wannan tarihi shi ne, gidan da zai kori mutum kan kalma guda ta rashin ladabi bai ga laifin a wurga yaro ɗan shekara shida ba, muddin iyaye mata na dariya suna sayen tikiti.

Jerin wasannin ba da ka ake yinsa ba. Wasa na farko na waɗanda ba sa magana ne, 'yan alkafura ko masu dabbobi, domin a lokacin jama'a na shigowa ana hayaniyar neman kujera. Gurbi na biyu kowa gudunsa yake yi, tunda gida bai gama nutsuwa ba. Gurabe masu daraja su ne na dab da hutun tsakiya da kuma na kusa da ƙarshe, inda ake sa tauraron mako. Akwai kuma lissafin labule. Wasan da ke buƙatar dandamali gaba ɗaya, da tebur da kujeru, dole a sa gabaninsa wani mawaƙi ko ɗan barkwanci da zai tsaya a bakin dandamali gaban labule, ma'aikata na baya suna jera kaya. Keaton Uku cikakken dandamali suke ci. Ranar Litinin da rana, a wasan farko na mako, manaja kan zauna da agogo yana kallo. Yana da ikon rage wa mutum lokaci, ko ya canza masa gurbi, ko ya sallame shi nan take. Manajojin Keith kuma kowane mako sai sun aika wa hedikwata rahoto a rubuce kan kowane wasa, minti nawa ya ci da yadda jama'a suka karɓe shi. Rahoto marar kyau biyu ko uku sun isa su rage wa iyali farashi.

Gidajen kansu hawa biyu ne. Manyan gidaje sau biyu ake wasa a rana, da rana da dare. Ƙananan gidaje sau uku, huɗu, har fiye, kuma kuɗin bai kai ba. A 1906 Keith da Albee suka kafa ofishi guda na rabon aiki a New York wanda ya riƙe manyan gidajen gabashin ƙasar, yana cire kashi 5 cikin 100 na albashin ɗan wasa, dillalinsa ma ya ciri wani kashi 5. Yamma kuma tana hannun kamfanin Orpheum, wanda Martin Beck ke juyawa. Wanda ya yi wasa a gidan abokin hamayya, ko ya ɗaga murya, sai a rufe masa ƙofofin gaba ɗaya. Daga abin da ya rage ɗan wasa zai biya kuɗin jirgin ƙasa, da dakon akwatuna, da masauki, da abinci, da tallan kansa a jaridun sana'a. Da zafi ya shigo gidaje da yawa sukan rufe, tunda babu na'urar sanyaya ɗaki, sai a zauna watanni ana cin ajiya.

Wanda ya riƙe wannan lissafi zai gane abin da ya sa wasannin iyali suka yi yawa. Abokan wasa uku baƙi albashi uku ne, ɗaki uku, da rigimar rabo kowace Asabar. Miji da mata da ɗa kuwa aljihu ɗaya ne, ɗaki ɗaya. Babu mai gudu ya koma wata tawaga don an ƙara masa dala biyar. Ga shi babu wanda za a bar wa yaro, dole yana nan gefen dandamali yana kallo tun yana rarrafe, har ya haddace wasan kafin ya iya karatu. Manajoji kuma suna son yara a jeri domin su ke jawo mata da iyalai. Cohan Huɗu haka suka taso, Jerry da Nellie da 'ya'yansu Josie da George. Eddie Foy ya fito da 'ya'yansa bakwai rigis. Minnie Marx ita ce ta riƙa nema wa 'ya'yanta maza aiki tana tura su gari gari. Fred Astaire da yayarsa Adele tun suna ƙanana suke rawa ana biyansu. Sai dai a duk waɗannan yara waƙa da rawa da barkwanci suke yi. Keaton kuwa sun gina wasansu kacokan a kan jikin yaron.

Joe Keaton ɗan jihar Indiana ne, an haife shi a 1867. Ya shiga harkar ta tawagar masu tallar magani, waɗanda ke yawo ƙauyuka su tara jama'a da kiɗa da barkwanci, sannan a fito da kwalabe a sayar, kamar yadda gardi ke tara mutane a kasuwa da wasan maciji kafin ya buɗe jakar magani. Mai tawagar, F. L. Cutler, yana da 'ya mai suna Myra, ƙaramar mace mai busa sakzafon. Suka gudu suka yi aure a 1894 ba da son uban ba. Ranar 4 ga Oktoba 1895, tawagarsu na ratsa wani ɗan ƙauye mai suna Piqua a jihar Kansas, aka haifi Joseph Frank Keaton. Iyalin sun yi ta ba da labarin cewa shahararren mai dabo Harry Houdini, wanda suka taɓa aiki tare a irin wannan tawaga, shi ya laƙaba masa Buster bayan ya gangaro daga matakala bai ji ciwo ba. Masu bincike da dama ba su yarda da labarin ba, kuma dama Joe gwanin ƙirƙira wa 'yan jarida labari ne, domin kowane labari talla ce kyauta.

Wasan Joe na asali da tebur yake yi: ya tsallake shi, ya faɗo daga kansa, ya yi alkafura a kai, Myra na busa. Ba su yi wani tashe ba. Sun isa New York a ƙarshen 1899 aljihu babu nauyi. A garin Wilmington na jihar Delaware ne aka fara sa Buster cikin wasan sosai, yana da shekara biyar ko ƙasa da haka, manajan gidan, William Dockstader, ya ƙara musu dala 10 a mako saboda shi. Cikin ɗan lokaci masu sharhi a jaridu suka daina maganar tebur suka koma maganar yaron. Keaton Biyu da ke fama a ƙasan jeri suka zama Keaton Uku da manyan gidaje ke nema. Wannan yana da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya: tun yaron bai kai shekara bakwai ba abincin gidan a wuyansa yake.

Yanzu ga jifan kansa. An ɗinka mariƙin akwati a bayan rigar Buster, tsakanin kafaɗu. Amfaninsa biyu. Yana ba uban riƙo tabbatacce wanda ba zai suɓuce ba ko hannu ya yi gumi, kuma yana hana a kama yaro ta hannu ko ƙafa, inda fizga guda za ta iya gurɗe gaɓa. Riƙo a tsakiyar baya yana sa nauyin jiki ya tafi a dunƙule, mai jifa ya san inda kai zai fuskanta da inda ƙafa za ta sauka. Yaro ɗan shekara biyar bai wuce kilo ashirin ba, ga ƙato mai ƙarfi irin Joe wannan ba kaya ba ne, yana iya auna nisan jifa daidai. Wurin sauka ma zaɓaɓɓe ne. Zanen bango na gidan wasa tamfol ne da aka yi wa fenti aka rataye daga sama, idan jiki ya buge shi sai ya lotsa ya shanye ƙarfin, yaro ya zame ƙasa. Ga mai kallo daga kujera kamar an buga shi da katanga ne. Inda ake samun matsala shi ne kowane gida da nasa gini. Wani dandamalin yana da zurfi, wani kuwa tamfol ɗin na rataye dab da katangar bulo. Wani dabensa katako ne mai santsi da ɗan taushi, wani ya tsufa yana da tsaga da kan ƙusa da ƙofofin ƙasa. Don haka mai irin wannan wasa ba ya shiga sabon gari ya fara jifa sai ya taka daben da ƙafarsa ya leƙa bayan zane.

Rabin aikin na mai faɗuwa ne. Buster ya bayyana wa 'yan jarida tun yana saurayi cewa sirrin shi ne a sauka jiki a sake, a karya ƙarfin faɗuwar da hannu ko ƙafa. Duk ɗan alkafura ya san sauran ƙa'idojin. A manne haɓa da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa. A lanƙwasa baya yadda jiki zai mirgina maimakon ya faɗi tim. A fitar da numfashi lokacin sauka, domin wanda ya riƙe numfashi jikinsa sandarewa yake yi, kuma sandararren jiki shi ke karyewa. A buga tafin hannu da damtse a ƙasa dab da saukar baya, wannan yana raba nauyin a wuri mai faɗi, kuma yana ba da ƙarar da ke sa 'yan kallo su zabura. Wurare huɗu ba a yarda su fara taɓa ƙasa ba: ƙeya, gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, da ƙashin gindin baya. Babba da ya zo koyon wannan yana fama da tsoro, tsoro kuwa shi ke sa mutum ya miƙe hannu tsaye ya tare ƙasa, wuyan hannu ya karye. Buster ya koya tun kafin ya san tsoron, har abin ya zame masa kamar tafiya.

Sauran wasan lissafin lokaci ne tsakanin mutum biyu. Akwai inda Joe ke tsaye gaban madubi yana aski da aska, Buster ya ɗaura ƙwallon kwando a doguwar igiya yana juya ta sama da kansa, yana sakin igiyar kaɗan kaɗan, da'irar na faɗaɗa, ƙwallon na matsowa kusa da ƙeyar uban a kowane zagaye. Jama'a na gani, uban kamar bai sani ba. Dariyar tana cikin jiran ne, kuma dole bugun ya zo a daidai lokacin da askar ta bar wuya. Akwai faɗan tsintsiya mai dogon icce, suna rafka wa juna. Akwai harbin Joe, wanda ke iya ɗaga ƙafa ya wuce saman kan mutum. Kuma ba sa maimaita wasan iri ɗaya kullum, suna ƙirƙira nan take, Buster har kwaikwayon sauran 'yan wasan da ke jerin makon yake yi. Wannan ya sa mutum zai iya kallonsu sau biyar bai gaji ba, amma yana nufin babu rubutaccen tsarin da za a jingina da shi. Kariyar yaron gaba ɗaya ita ce uban ya karanci motsinsa daidai, shi ma ya karanci na uban. Idan aka ɗauki wasa biyu a rana, kwana shida a mako, mako arba'in a shekara, sau 480 ke nan a shekara da ake buƙatar idon Joe da hannunsa kada su yi kuskuren taƙi guda.

Murtuke fuskar da aka san Buster da ita har a fim a nan ta samo asali. Sun lura idan ya tashi yana dariya bayan jifa, dariyar jama'a raguwa take yi, don sun gane wasa ne. Idan ya yi kuka ko ya nuna ciwo, tausayi zai kama su, gida ya yi tsit. Fuskar da ba ta nuna komai ita ce ke ba mai kallo izinin dariya. Uban ya riƙa tuna masa a dandamali da ya ɗaure fuska, har ta zauna.

Masu adawa da su ba 'yan shisshigi ba ne, kuma bai kamata a ɗauke su haka ba. Ƙungiyar hana zaluntar yara ta New York, wadda aka kafa a tsakiyar shekarun 1870, 'yan wasa na kiranta da sunan jagoranta Elbridge Gerry, ta taso ne a zamanin da ake sa yara aiki a masana'antu da tituna, ana hayar wasu ga masu wasan igiya. Dokar jihar ta hana sa yaro ƙasa da shekara 16 waƙa, ko rawa, ko alkafura, ko tafiya kan igiya don kuɗi. 'Yan wasa suka ƙware a zagaye ta. Wasu su ce yaron wada ne, kamar yadda aka yi wa mawaƙi Sammy Davis Jr. yana yaro, shekaru bayan haka, aka ba shi sigari na roba ya riƙe. Joe ya ƙara wa Buster shekara biyu, kuma shigar tsoho da gemu ta sa wasu 'yan kallo suka ɗauka wada ne da gaske. Hujjar da lauyoyinsu suka riƙe ita ce dokar ta jera abubuwan da yaro ba zai yi ba, amma ba ta ce kada a jefa shi ba: ai ba shi ke alkafurar ba, ubansa ne ke wurga shi. Buster ya ba da labarin yadda aka riƙa kai shi gaban hukuma a tuɓe shi ana neman tabo ko kumburi, ba a samu ba.

A 1907 dai aka kama su. Sun fito a wani wasan taimako a New York tare da ƙannen Buster, Harry da aka haifa a 1904 da Louise da aka haifa a 1906, aka hana su wasa a birnin har shekara biyu. Ga mai bodabil wannan babban rauni ne, domin a New York dillalai suke, a nan ake yanka farashi. A 1909 suka gwada Landan, a gidan Palace na Alfred Butt, abin bai karɓu ba. Turawan Ingila suka yi shiru suna kallo cikin damuwa, kuma a ruwayar Buster, Butt ya tambayi Joe ko yaron ɗan riƙo ne, don a ganinsa babu mai yi wa ɗan cikinsa haka. Suka tattara suka komo. A Oktoban shekarar Joe ya buga talla cewa Buster ya cika 16, alhali 14 yake, suka koma dandamalin New York.

A ganina masu binciken sun yi ta duba inda ba nan ciwon yake ba. Tabo suke nema, ƙwarewar iyalin kuwa ta hana tabo. Abin da ba a tuɓe riga a gani shi ne yaron bai yi makaranta ba, shi da kansa ya ce kwana ɗaya ya taɓa yi a aji, uwarsa ce ta koya masa karatu a ɗakunan masauki. Ba a kuma tambayi ɗan shekara biyar ko ya yarda ba, kuma da an tambaye shi ma ba shi da bakin cewa a'a ga sana'ar da ke ciyar da gidansu. Ƙaunar da Buster ke yi wa wasan gaskiya ce, shekarun da ya fi so a rayuwarsa su ne na hutun bazara a Muskegon ta jihar Michigan, inda Joe da abokansa suka kafa unguwar 'yan wasa a bakin tafki a 1908. Amma cikin labaran da shi kansa ya bayar yana dariya akwai na ranar da wasu ɗalibai suka yi musu ihu a garin New Haven, Joe ya fusata ya ɗauke shi ya jefe su da shi. A nan babu tamfol, babu wurin sauka da aka auna, fushi ne kawai. Akwai kuma ranar da harbin Joe ya kuskure ya same shi a kai, ya yi sa'o'i a sume.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka kashe wasan, kuma na farko yana cikinsa tun ranar da aka fara. Yaro girma yake yi. Abin dariya ne ƙato ya wurga ɗan mitsitsin yaro ya tashi lafiya, amma saurayi ɗan shekara 18 ba ya wurguwa da hannu ɗaya, kuma ganin dattijo na kokawa da saurayi wani abu ne dabam. Sun gyara wasan ya koma musayar duka tsakanin uba da ɗa, Myra ma ta rage fitowa, sai dai nauyin ya ƙaru a jikin Joe, wanda ke dosar hamsin. Duk wasan iyali da wannan ciwo yake mutuwa: muryar yaro ta fashe, 'yar rawa ta yi aure, ƙaramin da ake zuwa gani ya yi gemu.

Na biyu giya. Joe ya daɗe yana sha, amma a shekarun ƙarshe ya fara hawa dandamali da ita a kai. Mawaƙin da ya sha zai ɓata waƙa, a yi masa ihu, shi ke nan. Mai jifan mutum idan ya sha, hannunsa kan makara da rabin daƙiƙa, ƙarfinsa ya wuce yadda ya auna, fushin wasa ya koma na gaske. Duk ƙa'idojin faɗuwa da aka lissafa a sama sun dogara ne da mai faɗuwa ya san lokacin da za a sake shi da inda aka nufa da shi. Idan wannan ya tafi, ƙwarewarsa ba ta da abin kamawa.

Na uku rigima da masu kasuwa. Joe ya daɗe ba sa ga maciji da Martin Beck, mutumin da ya gina gidan Palace na New York a 1913, gidan da kowane ɗan bodabil ke mafarkin hawa. A ruwayar iyalin, rigimar ta kai Joe ya bar dandamali ya bi Beck da gudu. Lokacin kuwa bai dace da taurin kai ba, domin a 1916 da 1917 ne manajoji suka murƙushe ƙungiyar 'yan wasa ta White Rats, suka kafa tasu ƙungiyar da suke juyawa. Keaton Uku suka faɗo zuwa gidajen Alexander Pantages, inda ake wasa sau uku a rana. Ga mawaƙi ƙarin wasa ɗaya gajiyar murya ce. Ga waɗannan kuwa ƙarin rabin yawan faɗuwa ne kowace rana, da ƙarin sa'o'in zaman jira tsakanin wasa da wasa, waɗanda Joe ke cikewa a mashaya.

A farkon 1917, suna California, Myra da Buster suka yanke shawara suka hau jirgi suka bar Joe. Buster, yana da shekara 21, ya isa New York, dillali Max Hart ya samo masa gurbi a wani babban wasan 'yan'uwan Shubert, masu manyan gidajen wasa, a kan dala 250 a mako. Kafin a fara sai ya ziyarci inda Roscoe Arbuckle ke ɗaukar gajerun finafinan barkwanci, aka sa shi a gaban kyamara a ranar, ya ajiye kwantiragin 250 ya karɓi dala 40 a mako. Fim ɗinsa na farko ya fito a Afrilun 1917. Abin da ya kawo wa fim shi ne abin da shekara goma sha shida na jifa suka dasa masa: faɗuwa ba tare da wani ya yi a madadinsa ba, auna lokaci, da fuskar nan. Ƙwallon igiya ma ya sake fito da ita a wani gajeren fim na 1920.

Joe, wanda a da yake raina fim yana ganin ƙasƙanci ne ga ɗan dandamali, ya dawo yana karɓar ƙananan rawa a finafinan ɗansa har cikin shekarun 1920, kuma a 1935 shi da Myra da Louise suka fito tare da Buster a wani gajeren fim. Ya rasu a 1946, Myra a 1955. Kasuwar da ta haife su ta riga su tafiya. Wasan minti goma sha biyar da iyali zai yi shekara goma yana yawo da shi gari gari, rediyo ko fim na cinye shi a dare ɗaya, ƙasa duka ta gani. Mai gida kuma ya ga hayar faifan fim ta fi sauƙi a kan albashin tawaga takwas da makaɗa da masu jan labule. Fim mai magana ya shigo a 1927, a 1928 gidajen Keith da Albee da Orpheum suka narke cikin kamfanin fim na RKO, a 1932 kuma Palace ta New York ta daina wasa biyu a rana ta koma gidan sinima.